Me ya sa ƙungiyoyin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka suke canja fuska kowace shekara?

"Malam, barka da aiki. Na fara bin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka ne a 2023, lokacin da Adama Sanogo ɗan Mali ya ɗauki kofi da UConn, wato jami'ar Connecticut, yana azumin Ramadan. Tun daga nan abu ɗaya ke ɗaure mini kai. Da zarar an gama gasa sai in ji 'yan wasa shida ko bakwai sun bar ƙungiya ɗaya, wasu sababbi sun shigo, har ka rasa sunan wanda za ka riƙe. Sayar da su ake yi kamar a ƙwallon ƙafa? Kuma wannan shige da ficen ƙarfi yake ƙara wa ƙungiya, ko karya ta yake yi?" In ji wani mai karatu daga Zariya.

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambaya biyu ka haɗa a ɗaya. Ta farko mai sauƙi ce: a'a, jami'a ba ta sayar wa wata jami'a ɗan wasa yadda Kano Pillars za ta sayar wa Enyimba. Yaron ɗalibi ne, shi yake ɗaukar jakarsa ya tafi, makarantar da ta rene shi kuma galibi sai dai ta bi shi da kallo. Kuɗi na yawo a harkar, har da yawa ma, amma aljihun yaron da wakilinsa suke shiga. Ta biyun ce mai cin lokaci, don amsarta ta dogara da wanda ya tafi, da aikin da yake yi a fili, da kuma wanda ya zauna. Na yi kaka uku ina taimaka wa masu horarwa a wata ƙaramar kwaleji a can, aikina yanka bidiyon wasanni da tattara alƙaluman 'yan wasan da muke zawarci, kafin in dawo gida in ci gaba da horar da yara. Da wannan idon zan ba ka amsa.

Yadda aka zo nan

Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka sunanta NCAA, kuma a rukuninta na farko akwai makarantu sama da 350 masu ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza. Dokarta ta asali ita ce ɗalibi yana da shekara biyar da zai buga kaka huɗu a cikinsu. A da, idan yaro ya bar wata jami'a zuwa wata, sai ya zauna shekara guda cur ba ya buga wasa, yana atisaye kawai, in ban da wanda ya riga ya kammala digirinsa ko wanda aka yi wa afuwa ta musamman. Sannan kocinsa na iya hana shi zuwa wasu makarantu, musamman abokan hamayya. Koci kuwa in ya samu albashi mafi tsoka, yau ya ajiye aiki, gobe ka gan shi da rigar wata jami'a yana murmushi gaban 'yan jarida. Wannan rashin daidaito shi ne tushen duk abin da ya biyo baya.

A watan Oktoban 2018 NCAA ta buɗe wata rajista a intanet wadda suke kira fotal. Yaro zai gaya wa ofishin makarantarsa yana son tafiya, su kuma dole su shigar da sunansa cikin kwana biyu na aiki, daga nan kowane koci na da damar kiransa. Neman izini ya ƙare ke nan. A watan Afrilun 2021 aka cire zaman shekara guda ga wanda ya sauya sheƙa karon farko. Ranar 1 ga Yulin wannan shekarar kuma aka halatta wa 'yan wasa su samu kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da ake taƙaitawa da NIL. Nan take attajirai da tsofaffin ɗalibai suka fara kafa ƙungiyoyin karo-karo don tara abin da za a jawo 'yan wasa da shi. A Disamban 2023 wani alƙalin tarayya a jihar West Virginia ya dakatar da dokar da ta tilasta wa mai sauyi na biyu zaman shekara guda, bayan wasu jihohi sun kai ƙara, kuma a Afrilun 2024 NCAA ta sallama: kowa ya sauya sau nawa ya ga dama, muddin karatunsa bai samu tangarɗa ba. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, wanda ya ba makarantu damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga duk wasannin makaranta ɗaya.

Ka ƙara da annobar korona, wadda ta sa aka ba duk wanda ya buga kakar 2020 zuwa 2021 ƙarin shekara kyauta. Shi ya sa shekarun da ka fara kallo suka cika da ƙartai masu shekara 23 da 24 suna karawa da yara 'yan 18. Ƙofa ta buɗe, kuɗi sun shigo, manya sun yi yawa a kasuwa, duk a cikin ɗan lokaci. A 2025 maza sama da 2,000 na rukunin farko suka sa sunansu a fotal.

Minti 200

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe, don shi ne ginshiƙin maganar. Wasan jami'a minti 40 ne, mutum biyar ke cikin fili. Ke nan minti 200 koci yake da su ya raba a kowane wasa, ba za su ƙaru ba ko da ya tara taurarin duniya. Shekaru da dama ƙungiyar maza tana da gurbin tallafin karatu 13, bayan sulhun House kuma makarantun da suka shiga tsarin aka ƙayyade musu mutum 15. Amma idan wasa ya yi zafi, da wuya ka ga koci ya yi amfani da fiye da mutum takwas ko tara, a gasar watan Maris ma, wato babbar gasar cin kofin ƙasa, wani lokaci bakwai. Saboda haka kowace ƙungiya tana da yara huɗu ko biyar da ke ɗumama benci, kuma kowannensu tauraro ne a sakandaren da ya fito. A da haƙuri suke yi su jira manya su gama. Yanzu ba mai jira.

Don haka idan ka ji mutum bakwai sun bar ƙungiya, kada gabanka ya faɗi tukuna. Tambayi minti nawa suka tafi da su. Yana yiwuwa biyar daga cikinsu ba su kai minti 30 a haɗe ba, tafiyarsu ma gurbi ta buɗe. Sau da yawa kocin ne da kansa ya zaunar da yaro a ofis ya ce masa, cikin lafazi mai laushi, baɗi ma ba na ganin za ka samu wuri, gara ka duba wani waje. Jarida za ta rubuta yaro ya tafi, alhali tura shi aka yi. A ɗaya ɓangaren kuma mutum ɗaya tak na iya tafiya ya bar ramin da mutum uku ba za su cike ba, musamman mai riƙe ƙwallo yana tsara wasa, ko dogon da ke tsaron bakin kwando. Waɗannan guraben biyu su suka fi tsada a kasuwa, su ne kuma suka fi wuyar koyarwa cikin wata huɗu.

Abin da ba ya fitowa a takardar alƙaluma shi ne sabo. Kai hari ana iya yinsa da baiwa, ka ba gwani ƙwallo ya san yadda zai yi. Tsaro kuwa aikin gayya ne. Idan abokin gaba ya tare maka hanya da jikinsa don ɗan'uwansa ya kuɓuce, cikin ƙiftawar ido sai mutum biyar sun san wa zai bi wa, wa zai koma ƙarƙashin kwando, wa zai fita ga mai jifan maki uku a lungu. Yaran da suka shekara biyu tare ba sa ma buƙatar magana. Sababbi kuwa, kowa ya zo da yaren tsohon kocinsa. Shi ya sa ƙungiyar da aka harhaɗa daga fotal za ka ga tana tangal-tangal a Nuwamba da Disamba, in Allah ya taimake ta ta daidaita a Fabrairu, wani lokaci kuma kaka ta ƙare ba ta daidaita ba.

Waɗanda suka iya, da waɗanda suka ƙone hannu

Duba zakarun 'yan shekarun nan, za ka ga zare ɗaya ya ratsa su. Baylor da ta lallasa Gonzaga da ci 86 da 70 a wasan ƙarshe na 2021 tana da Davion Mitchell daga Auburn, da MaCio Teague daga UNC Asheville, da Adam Flagler daga Presbyterian, da Jonathan Tchamwa Tchatchoua ɗan Kamaru daga UNLV. Duk baƙi ne, amma a ƙarƙashin tsohuwar doka suka zo, kowa ya zauna shekara yana atisaye da ƙungiyar kafin ya buga. Dokar da ake kuka da ita, ita ce ta dafa su.

UConn ɗinka ma haka. Tristen Newton ya zo daga East Carolina a 2022, ya ci kofi tare da Sanogo, bai tafi ba, ya sake ci a 2024 har aka zaɓe shi gwarzon wasannin ƙarshe. Kocinsu Dan Hurley ya riƙe Donovan Clingan da Alex Karaban waɗanda shi ya ɗauko su tun suna yara, ya ga yana buƙatar mai jifa daga nesa wanda ba ya tsoro, ya ɗauko Cam Spencer daga Rutgers. Gurbi ɗaya, mutum ɗaya. Suka doke Purdue da ci 75 da 60. Ita kanta Purdue ɗin ta kai wasan ƙarshe ne da yaran da kocinta Matt Painter ya rena a gida kewaye da Zach Edey, ya ƙara musu Lance Jones daga Southern Illinois don ya kawo gudu da tsaro.

Misalin da na fi so shi ne Florida ta 2025, wadda ta doke Houston da ci 65 da 63. Mai kallo daga nesa zai ce ƙungiyar fotal ce, kuma ba ƙarya ya yi ba. To amma duba shekarun zuwansu. Will Richard ya zo daga Belmont a 2022. Walter Clayton Jr. ya zo daga Iona a 2023. Alijah Martin daga Florida Atlantic da Rueben Chinyelu, ɗan Najeriya da ya fito daga makarantar da NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ta kafa a Senegal ya fara da Washington State, su ne suka zo a 2024. A tsakani ga Alex Condon da Thomas Haugh, waɗanda kocinsu Todd Golden ya ɗauko tun farkonsu. Bango aka yi ta ɗorawa sahu bisa sahu, ana bari na ƙasa ya bushe. Kuɗin da ya fi amfani a wannan ginin, a ganina, shi ne wanda aka kashe don Clayton da Richard su zauna.

Ana iya rushe gida gaba ɗaya a sake ginawa cikin wata ɗaya kuwa? An yi. A Afrilun 2024 koci John Calipari ya bar Kentucky zuwa Arkansas, wasu yaransa irin su D.J. Wagner da Adou Thiero da Zvonimir Ivisic suka bi shi, saura suka watse ko suka tafi NBA. Sabon koci Mark Pope ya zo daga BYU ya tarar babu ko ɗaya daga masu gurbin tallafi da ya rage. Ya ɗauko Lamont Butler daga San Diego State, Otega Oweh daga Oklahoma, Koby Brea daga Dayton, Amari Williams daga Drexel, Andrew Carr daga Wake Forest, da Jaxson Robinson da ya sani tun BYU. Suka kai zagayen 16 na ƙarshe kafin Tennessee ta fitar da su. Abin lura, bai bi masu suna ba, ya bi masu aikin da salonsa ke buƙata, akasarinsu kuma manya ne da suka buga wasanni sama da ɗari. Sannan Kentucky ce, mai kuɗi da suna. Ƙaramar makaranta in ta faɗa wannan hali, sai dai ta kwashi abin da manya suka bari.

Kansas kuma ta nuna ɗaya fuskar. Kocinta Bill Self, wanda ya ɗauki kofi sau biyu, ya ɗauko Hunter Dickinson daga Michigan a 2023, a 2024 ya ƙara AJ Storr daga Wisconsin da Rylan Griffen daga Alabama da Zeke Mayo daga South Dakota State. Kafin a fara kaka aka ɗora su a lamba ɗaya a ƙasar. A watan Maris ɗin 2025 Arkansas ta kore su a zagayen farko. Storr shi ne kan gaba a cin maki a Wisconsin, a can ƙwallo a hannunsa take kwana. A Kansas aka ce ya jira rabonsa ya kuma yi tsaro, sai ya zama kamar wani mutum daban. Ba wanda ya manta yadda ake wasa a cikinsu. Ƙwallon ce ɗaya, masu son ta suka yi yawa.

Ni ma na taɓa yin wannan kuskure, a ƙaramin matakinmu. Wata shekara mai cin makinmu ya tafi babbar makaranta, na kwana ina duba bidiyo na samo wani yaro mai zura ƙwallo kamar ruwa, na dage sai an ɗauke shi. Abin da ban kula ba, kusan duk makinsa sai ya riƙe ƙwallo ya daɗe yana juya ta yake ci, mu kuma muna da mai tsara wasanmu. Suka yi ta cin karo har kaka ta ƙare. A wannan shekarar dai wani yaro ya bar mu wanda ba kowa ya damu da tafiyarsa ba, don da ƙyar yake cin maki biyar. Sai da aka fara wasa muka gane shi ne bakin ƙungiyar a tsaro, shi ke ihu yana gaya wa kowa inda zai tsaya. Fili ya yi tsit bayansa. Tun daga nan in zan duba ɗan wasa, sai in fara da mintunan da ƙwallo ba ta hannunsa.

Kura da shan bugu

Wanda abin ya fi taɓawa su ne ƙanana da matsakaitan makarantu. Makaminsu a da shi ne haƙuri: su ɗauko yaron da manya suka raina, su rene shi shekara huɗu, a shekarar ƙarshe su zo gasar Maris da ƙungiyar da ta san juna kamar 'yan ɗaki ɗaya su kayar da ƙato. Yanzu yaro na yin fice a shekara ta biyu, waya za ta fara ƙara. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Saint Peter's, wata ƙaramar jami'a a Jersey City, ta girgiza Amurka a 2022. Ta kori Kentucky mai Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, wanda shi ne gwarzon ɗan wasan shekarar, ta kori Murray State, ta kori Purdue, ta kai takwas na ƙarshe. Cikin 'yan kwanaki kocinta Shaheen Holloway ya koma Seton Hall. A cikin 'yan wasanta kuma Doug Edert ya tafi Bryant, Daryl Banks ya tafi St. Bonaventure, Matthew Lee ya tafi Missouri State, KC Ndefo ya bi kocin. Florida Atlantic ta kai huɗun ƙarshe a 2023, ta yi ƙoƙari ta riƙe yaranta shekara guda, amma da kocinta Dusty May ya tafi Michigan a 2024 sai Vladislav Goldin ya bi shi, Johnell Davis ya tafi Arkansas, Martin ya tafi Florida. Tafiyar koci ita ce babbar guguwa, don doka ta ba yaransa dama ta musamman su shiga fotal, kuma dama shi suka zo wa, ba ginin makaranta ba.

A gasar 2025, duk ƙungiyoyi 16 da suka rage sun fito ne daga manyan rukunoni huɗu masu kuɗi, wato gungun jami'o'in da ke karawa a tsakaninsu, huɗun ƙarshe kuma duk waɗanda aka ba lamba ɗaya ne a ɓangarori huɗu na gasar, abin da rabon a gani tun 2008. Shekara ɗaya ba ta isa hujja ba, ba zan yi rantsuwa a kanta ba. Amma ka lura taurarin manyan nan daga ina suka fito: Clayton daga Iona, Johni Broome na Auburn daga Morehead State. A da da waɗannan yaran ƙananan za su yaƙi manya.

Sai dai kada in yi rashin adalci. Ruwan yana gangarowa ƙasa ma. Yaron da ya shekara biyu a bencin babbar makaranta, ya ci abinci mai kyau, ya yi atisaye da gwanaye, yana iya saukowa ƙaramar ƙungiya ya zama jagora. Mu ma mun ci moriyar irin wannan. Ƙaramin koci mai wayo yanzu ba ya ɓoye wa yaro gaskiya, yana ce masa ka zo ka ba ni shekara biyu masu kyau, ni da kaina zan taya ka neman gaba.

Kuɗi kuma suna shiga ɗakin canja kaya su ɓata zumunci. A 2022 Nijel Pack ya bar Kansas State zuwa Miami, aka sanar a bainar jama'a cewa kamfanin LifeWallet zai ba shi dala 800,000 a shekara biyu da mota. Ba a daɗe ba wakilin Isaiah Wong, wanda ya riga shi zama tauraro a ƙungiyar, ya fito ya ce in ba a ƙara wa nasa ba zai shiga fotal. An sasanta, Miami ta kai huɗun ƙarshe a 2023. Amma kocinta Jim Larrañaga ya ajiye aiki a tsakiyar kaka a Disamban 2024 yana cewa sabon tsarin ya gajiyar da shi, wata biyu bayan Tony Bennett na Virginia, wanda ya ɗauki kofi a 2019, ya yi ritaya da irin wannan dalili. Aikin koci a watan Afrilu yanzu shi ne ya sake zawarcin yaransa na gida ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa makarantu da yawa suka ɗauki manaja na musamman mai riƙe lissafin kuɗi da kwantiragi, kamar ƙwararrun ƙungiyoyi.

Su yaran fa?

Ni ina tare da su a kan 'yancin tafiya, ba zan ɓoye maka ba. Wanda kocinsa zai iya barinsa dare ɗaya, bai kamata a ɗaure shi ba. Tshiebwe ya bar West Virginia ba ya jin daɗi, ya je Kentucky ya zama gwarzo. A ɓangaren mata Angel Reese ta bar Maryland ta je LSU ta ɗauki kofi a 2023. Clifford Omoruyi ɗan Benin ta jihar Edo ya yi shekara huɗu a Rutgers, ya ƙarasa a Alabama inda ya buga manyan wasannin Maris.

Amma fotal ba ta da tabbas. Ranar da yaro ya sa sunansa, makarantarsa na da damar janye tallafin karatunsa a ƙarshen zangon. Kujerun kuma ba su kai yawan masu nema ba, don haka duk shekara akwai waɗanda ke ƙarewa a ƙaramin rukuni ko su rasa gaba ɗaya. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma da wuya ɗan shekara 19 ya ji wannan alhali wani wakili na hura masa kunne. Ga kuma karatu. Ba kowane darasi sabuwar jami'a take karɓa ba. Caleb Love ya bar North Carolina a 2023 ya sanar zai tafi Michigan, maganar shigar da shi makarantar ta ci tura, ya ƙare a Arizona. Shi tauraro ne, ya samu mafita. Yaro na goma a benci da ya zagaya makaranta uku yana iya gama shekarunsa babu digiri babu NBA.

Akwai kuma waɗanda ba su ma shigo ba tukuna, wato 'yan sakandare. Kocin da ke tsoron a kore shi baɗi zai fi son ɗan shekara 22 da ya ga bidiyonsa yana karawa da manya, a kan ɗan 18 da zai rena wataƙila wani ya ci moriya. Manyan taurarin sakandare ba abin da ya same su. Na tsakiya ne aka matse. Wannan ya shafi yaranmu na Afirka kai tsaye, don yawancin namu dogaye ne da suka fara wasa a makare, masu buƙatar shekara biyu ta koyo kafin su nuna kansu. Hakeem Olajuwon ya bar Legas ya je Houston, shekararsa ta farko bai buga ba, ta biyu daga benci yake shigowa. Irin haƙurin da aka yi da shi ya yi ƙaranci a yau. Sannan mai bizar karatu ba shi da 'yancin yin aikin kuɗi a cikin Amurka yadda ɗan ƙasa yake yi, shi ya sa Tshiebwe ya yi amfani da tafiyar da Kentucky ta yi zuwa Bahamas a 2022 ya yi tallace-tallacensa a can. Ni ba lauya ba ne, kuma gogewata ta ƙaramar makaranta ce, ban taɓa zama a teburin da ake cinikin miliyoyi ba. Duk iyayen da suka zo mini da maganar biza da kwantiragi, ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantar nake tura su kafin yaro ya sa hannu a komai.

To idan watan Afrilu ya zo ka ga jerin sunaye na fita da shiga, ga yadda ni nake karanta shi. Ina fara duba ko kocin na nan. Sannan in tara mintunan waɗanda suka zauna in ga ko sun kai rabin 200 ɗin nan, in kuma duba ko mai tsara wasa da dogon tsakiya suna cikinsu. Sababbin kuwa ba makinsu nake fara kallo ba, ina tambaya wane rami kowannensu ya zo cikewa, a wane mataki ya buga a da, kuma shekara nawa ta rage masa. Mai shekara biyu a gaba ya fi mini mai ɗaya ko da na ɗayan ya ɗan fi shi gwaninta, kamar yadda Newton da Clayton suka nuna. In na ga mutum uku da kowannensu ya saba shi ke jifan ƙarshe a tsohuwar ƙungiyarsa, sai in sa alamar tambaya. Wasannin Nuwamba kuma ba na yanke hukunci da su. Ina jira sai tsakiyar Janairu, lokacin da aka shiga wasannin rukuni ana zuwa gidan abokan gaba, in rage muryar mai sharhi in zuba ido in ga ko yaran suna nuna wa juna hannu suna magana idan ƙwallo na hannun abokan karawa.